'Yan Kafaɗa da Sunan da Bakina Bai Taɓa Faɗa Ba

Zuwa ga Malama Atika, mai Filin Shawarwari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki, don Allah Malama ki taimake ni, domin abin da ke damuna ba ni da wanda zan gaya wa a garinmu. In na gaya wa mata su yi mini dariya, in na gaya wa maza su ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya a ajin yaƙi da jahilci, wannan takardar ma daga littafin ajin na yago ta. Sunayen mutanen da zan ambata na aro ne, kada wani ya gane kansa.

Ni ungozoma ce a Gazara, na fi shekara ashirin ina karɓar haihuwa. Maigidana ya rasu, damina biyu ke nan. Manomin rake ne, ba ya koyar da kowa karatu, amma Malam nake ce masa. Shekarar da aka yi bikin mulkin kai, naƙuda ta gardame wa wata maƙwabciyarmu, na ce wannan ta fi ƙarfina, sai asibiti a Zariya. Maza huɗu suka ɗauke ta a gadon kara suka nufi bakin titi. Kafin rabin hanya kafaɗunsu sun mutu, suka yi ta saukewa suna hutawa, a hanyar ta cika. Malam yana cikin huɗun. Kwana uku bai ci abin kirki ba. Rana ta huɗu ya hau kekensa ya bi ƙauyuka, Gubuchi, Furana, har wajen Kudan, yana roƙon kowane gari ya ware maza takwas. In an ɗauko mara lafiya, mutanen gari su kai shi iyakarsu, na gaba su karɓa, mai keke yana gaba yana sanarwa, gado ba ya taɓa ƙasa sai bakin titi inda ake tsare motar gyaɗa. Ba a biyan kowa. Mutane suka riƙa ce musu 'Yan Kafaɗa, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi su.

To, watan jiya wani ma'aikacin jin daɗin jama'a, Malam Inuwa, ya zo rangadi ya ji labarinmu. Ya ce in muka yi rajista za a iya ba mu gadon ɗaukar mara lafiya na ƙarfe da tamfol, da akwatin magani, da takardar da za mu nuna wa direbobi su daina wuce mu. Ya bar mana fom. Layin farko, sunan ƙungiya.

Aka taru a ƙofar dagaci. Aka ce ni ce uwar ƙungiya, wato shugaba, tunda dama ni ke cewa a ɗauka ko a dakata. Ƙanin maigidana, Tukur, aka ba shi magatakarda. Shi ya tashi ya ce a sa wa ƙungiya sunan wansa. Wallahi Malama, kowa ya yarda, har Sabuwa ta Gubuchi, wadda in kika ce mata yau Talata sai ta nemi shaidu. Ni kaɗai na ce a'a. Na ce mutanen sauran garuruwa za su ga kamar Gazara ta mallake abin, gara a sa suna na kowa. Mutanen sauran garuruwan suna zaune a gabana suna cewa su ba su damu ba, ni kuwa ina ta yi musu kishin da ba su roƙe ni ba.

Ƙarya na yi. Gaskiyar ita ce Malam Inuwa ya faɗa mana ranar miƙa takardar shaida shugaba zai tsaya gaban hakimi da jama'a ya faɗi sunan ƙungiya da aikinta. Ni kuma shekara ashirin da shida muna tare da Malam, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Haka uwata ta yi, haka kakata. Akwai mai sayar da atamfa a kasuwar Makarfi da ke da sunan, har yau Mai-sunan-Malam nake ce masa. Da masu ƙidaya suka zo yana gona, suka tambayi sunan mai gidan, sai da na leƙa katanga na kira maƙwabciya ta faɗa musu. Kin ga duk mutanen nan na ba su sunan aro, shi ko na aron na kasa ba shi.

Tukur ya naɗe fom ɗin ya sa a aljihu. Ya ce a gaban mutane, shi bai san wansa zai fita daga ran wasu tun ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ni da na yi jinyar Malam wata bakwai, ni ce aka ce na manta shi. Tun ranar daga zaure Tukur yake gaishe ni, mutumin da a da sai ya shigo har madafa ya ce miyata ba gishiri don kawai in bi shi da muciya. Ya rantse ba zai sa hannu a ƙarƙashin wani suna ba, fom kuwa sai da hannunmu mu biyu. Malam Inuwa zai dawo bayan Babbar Sallah. In ya tarar da layin nan fayau, gadon zai tafi wata gunduma, ga damina tana zuwa, ina da mata biyar da za su haihu cikinta.

Malamarmu ta aji, Zulaihatu, ta taɓa ce mana wannan al'ada ce, addini bai hana mace faɗin sunan mijinta ba. Na yarda da ita. Na je bayan rumbu ni kaɗai na gwada, ko harafin farko na sunan bai fito ba, na ji kamar na fita kasuwa ba mayafi. Kuma ina tsoron sunan ya faɗa bakin kowa, direbobi su riƙa jifa da shi, ran da aka yi faɗa a ƙungiya a ja shi a ƙasa. Amma in na tuna za a rubuta wani suna a kan abin da ya gina da kafaɗarsa, sai in ji kuka ya zo mini. Ina son sunan nan a takardar fiye da yadda Tukur yake so, ban dai san yadda zan yi ba ne.

In yarda in ji kunya a gaban hakimi, ko in ƙi a ce na manta mijina? Ki ba ni shawara don Allah.

Taki,
Mai Nauyin Baki, ƙasar Makarfi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Yaya Mai Nauyin Baki. Allah Ya ji ƙan Malam, Ya sa aikin nan ya bi shi. Rubutunki ba ya buƙatar a yi haƙuri da shi, na karanta tsaf.

Abu biyu kika haɗa wuri ɗaya, bari mu raba su. Kunyarki ba laifi ba ce, girmamawa ce da kika riƙe shekara ashirin da shida, ba kuma zan ce ki karya ta rana ɗaya saboda fom ba. Malama Zulaihatu ta yi gaskiya, in wata rana bakinki ya faɗa, ba ki yi zunubi ba. Inda kika kuskure shi ne ɓoye dalili. Kin ba Tukur hujjar da kowa a wurin ya ga ba ta tsaya ba, shi kuma ya cike gurbin da mafi munin zato. Bai kyauta ba da ya faɗa a bainar jama'a, amma mutum ne da ya rasa wansa. Ki kira shi cikin satin nan. Ƙanin miji abokin wasa ne, in ba ki iya faɗa masa da gaske ba, faɗa masa da wasa, ko ki aika matarsa. Na tabbata shi zai fi ki jin kunya.

Sai sunan. Ƙaryar da kika yi tana da ɗan gaskiya a ciki. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan mutum, gaba 'ya'ya da jikoki kan ɗauka tasu ce ta gida, sauran garuruwa su ja baya. Tsoronki na a ja sunan a ƙasa ma ba shirme ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma, sunan mutumin kirki yana tsare ƙungiya, don wanda zai yi ha'inci a ƙarƙashinsa sai ya yi tunani. Tunda garuruwan da kansu suka yarda, ni na fi karkata ga a sa. Sai dai ku rubuta a dokokinku cewa shugabanci zaɓe ne, ba a gadonsa, ku sake zama wakilin kowane gari ya dangwala yatsa a kan yardarsa.

Sunan ya faɗi aikinku, wato agajin marasa lafiya, sannan sunan Malam. Ku guji duk kalmar da za a ji ƙamshin jam'iyya a cikinta, ko wadda za a zaci ofishin gwamnati ne. Ku tanadi suna na biyu ko da an riga ku wannan, kuma yadda aka rubuta shi a fom haka za a riƙa rubuta shi ko'ina. Sauran ƙa'idoji ku tambayi Malam Inuwa, shi ya fi ni sanin na lardinku.

Maganar tsayawa gaban hakimi kuwa, ki tuna kowannenmu yana da sunan yanka da sunan da ake kiransa. Ƙungiya ma haka. Sunan Malam ya zauna a takarda da hatimi, a baki kuwa ku 'Yan Kafaɗa ne, direbobi ma wannan za su riƙe. Ranar biki magatakarda ya karanta sunan, ke ki faɗi aikin, wanda ba mai iya faɗarsa kamarki. A sanina ofis sa hannu yake nema, ban taɓa jin an hana takarda don wani ya karanta a madadin shugaba ba. Ki sanar da Malam Inuwa tun da wuri, shi ma a hannun uwa Bahaushiya ya tashi.

Saura abu ɗaya, ki gafarce ni. Kina danna fensir da ƙarfi, Yaya. Da na ɗaga takardarki a hasken taga, sai na ga sawun abin da aka rubuta a shafin da ke samanta. Suna ɗaya ne, layi bayan layi, tun daga sama har ƙasa. Na karanta shi, ba kuma zan buga shi a nan ba. Ki karɓi fom ɗin daga aljihun Tukur, ki cike layin farko da hannunki yana kallo. Daga ranar ba zai sake cewa kin manta ba.

Allah Ya sauki matanki biyar lafiya, Ya sa gadon ya iso kafin ruwan farko.

Malama Atika