Sunan da Ya Shiga Faifai

Chicago, 9 ga Maris, 1926

Zuwa ga yayata Vernice,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, kuma ƙafar nan ta yi sauƙi. Kin ga 'yata Lottie a coci ran Lahadi? Haƙorinta na gaba ya fito?

Yaya, na yi ɓarna. Kin san sharaɗin da surukata Mama Hester ta gindaya mini ranar da muka binne ɗanta: in na shekara ban rera blues, waƙar gidajen rawa, ba, za ta ba ni 'yata. Saura wata biyu. A saninta guga nake yi a gidan wanki. Gugar ina yi, amma ran Talata na shiga ɗakin ɗaukar faifai. Wata goma ina haɗiye waƙa, na kasa. Baturen kamfanin ya yi alkawarin "Delta Pearl" za a rubuta a kai, ba sunana ba.

Ɗakin kamar tanda, don kada kakin da allura ke zana waƙar a kansa ya daskare. Sau uku muna ɓatawa. A na huɗu muryata ta buɗe. Ina tsakiyar baiti sai Clemon mai fiyano ya ɗaga kai, yadda ya saba tun muna yawon wasa a rumfa, ya kwatsa ihu: "Gaya musu, Ozella Tubbs 'yar Greenwood!"

Na ce, "Clemon, ka kashe ni." Ya ce, "Wayyo 'yar'uwa, shekara bakwai ina kiranki a daidai wurin nan, bakin ne ya riga ni." Na durƙusa wa Baturen a sake. Ya ce kaki ba allo ba ne da za a goge, kuma ihun nan shi zai sayar da faifan.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Ozella

Chicago, 14 ga Afrilu

Yaya Vernice,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Faifan ya fito. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun fara sauke shi a garuruwan kudu. Kin san shagon kujerun Mista Pickens, inda ake fito da garmaho bakin ƙofa duk Asabar ana sa sababbin faifai, kuma ta nan Mama Hester ke bi zuwa kasuwa. Ki je kafin Asabar. Ko guda nawa ne ki saye, ki farfasa, ki zuba a kogi. Kada ki aiki kowa. Don Allah, Yaya.

Ozella

Chicago, 2 ga Mayu

Yayata,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, ta Mama Hester ma. Tata layi biyu ce: kada in zo, kada in rubuto.

Ba laifinki ba ne. Shida kika fasa, sha biyu suka ƙara zuwa. Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi, inda kika ce Lottie ta fizge hannunta a tsakiyar titi, ta ruga ta leƙa cikin bututun garmahon tana cewa, "Mamata ce a ciki, ku buɗe mata." Kika ce tun kafin Clemon ya yi ihunsa ta gane. Ashe ko bai kira sunana ba, ban ɓuya ba.

Zan zo duk da haka. Zan tsaya a ƙofar cocin, ta kore ni a gaban jama'a in ta iya. Amma kafin nan, guda ɗaya kada ki fasa. Ki ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. Duk ranar da aka bar Lottie ta zo gidanki, ki rufe taga, ki cusa tsumma a bututun garmahonki don kada maƙwabta su ji, ki sa mata.

Ki gaya mata ina neman hanyar fitowa.

Ƙanwarki,
Ozella Tubbs