Abban Mubina a Bakin Bahar Rum

Antalya, ƙasar Turkiyya

Zuwa ga Yaya Aliyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Gobe za mu koma Amurka. Na gama haɗa kaya, Abban Mubina yana barcin rana, shi ne na zauna in rubuto miki, domin abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba.

Kin ga hotunan da Mubina take turo muku, ruwa shuɗi, kowa na dariya. Mun ji daɗi kam. Abbanta ya daɗe yana yi mana alkawarin kawo mu bakin Bahar Rum, sai bana da ya ajiye aiki Allah ya nufa. Tun bara yake ta mantuwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duba gadoji, sai ga shi ya ɓata tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Largo da gidanmu. Na ce gajiya ce.

Yau da safe muka sauka bakin ruwa mu yi sallama da wurin. Ɗanmu Fatihu ya ce masa, da Turanci kamar kullum, ya zo su ɗauki hoto. Ya dube shi yana murmushi irin wanda ake yi wa ɗan mutane, ya juyo gare ni ya ce, "Talatu, me saurayin nan yake cewa?" Na zaci wasa ne. Fatihu ya maimaita a hankali. Sai ya ce in ba shi haƙuri, shi ba ya jin yarensu. Daga nan ya tsura wa teku ido, ya ce lallai madatsar Tiga ta cika bana.

Kafin azahar ya dawo daidai, har yana zolayar mai kawo abinci da Turanci. Bai san an yi ba. Mubina ta shige banɗaki ta daɗe, Fatihu kuwa yana can zaune kan yashi, ya ƙi cin komai. Ina hango shi ta taga. Mutane na ta wanka da guje-guje a gefensa.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Talatu

Largo, Maryland

Yaya Aliyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Saƙonki ya iso, na gode. Yaya Inna, yaya zafin Kano?

Mun ga likita. Dakta Gregory ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai cinye tunani, ana iya rage masa gudu amma ba ya warkewa. Ya ce harshen da mutum ya koya daga baya shi yakan fara tafiya. Haka kuwa ake yi. Turancin yana zuwa yana tafiya, kuma tafiyar ta fi yawa yanzu.

Kin san yaran nan, suna jin Hausa amma bakinsu ba ya iya mayarwa. Na zama tafinta tsakanin uba da 'ya'yansa a cikin falo ɗaya. Fatihu yakan dawo daga jami'a ya durƙusa ya gaishe shi da 'yar Hausar da ya harhaɗa. Uban ya amsa da fara'a, ya yaba masa ƙoƙari, sannan ya tambaye shi ko ɗan wane gida ne. Jiya da ya tambaya, sai yaron ya tashi ya fita.

Nakan tuna safiyar nan ta bakin teku. Ashe ba da wurin kaɗai muka yi sallama ba.

Na nemi hutu a wurin aiki, zan kawo shi Kano tun yana iya gane 'yan'uwansa. Yaran ba za su iya barin karatu ba. Na yi tsammanin za su hana, sai Mubina ta ce in kai shi inda zai ji abin da ake faɗa masa. Ban san ko zai sake ganinsu yana sane da su ba.

Don Allah ki je da kanki ki sanar da yayansa, Alhaji Tahir, sannan ki lallaɓa ki gaya wa Inna. Kuma a ja kunnen masu zuwa gaisuwa, kada wanda ya tambaye shi ko ya gane shi, yana jin kunya ƙwarai. Kowa ya faɗi sunansa kawai ya zauna. Ni ma haka nake yi yanzu kowace safiya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Talatu