Zaren Kaset a Gonar Alkama

Kura,
9 ga Janairu, 1988.

Zuwa ga taubashina Hambali,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina sanar da kai, da dukkan ma'aikatan gidan rediyonku, da Gwamnati ma idan tana da sarari, cewa ranar Juma'ar da ta wuce ni Datti, malamin tarihi, na mallaki rediyo mai cin kaset. Na hannu ne. Murfinsa ba ya rufuwa sai an danne shi da yatsa, amma ka san manyan dauloli ma da ƙyar suka tsaya da farko.

To ga abin da ya sa na ɓata kan sarki. Ka ce za a kwashe tsofaffin faya-fayan garmaho daga ɗakin ajiyarku. Kafin a zubar, ka duba mini na Yaya Iliyasu. Kai kana yaro lokacin, ba lallai ka tuna ba. Gab da samun 'yancin kai Yaya mawaƙi ne a wani otal na Sabon Gari, da kwat da laktaye, a gaban makaɗa 'yan Gana masu busa ƙaho. Jaz suke kira kiɗan. Waƙoƙin ƙetare ne masu tafiyar hawainiya, shi kuma ya zuba musu kalmomin Hausa. Wasu mutane daga Ikko suka ɗauki guda biyu a faifai, suka rubuta masa Iliya Mai Sanyi.

Da Baba ya rasu sai ya rataye kwat ya dawo gona, don kada a cire ni daga makaranta. Tun daga ranar ban ƙara jin ya rera ko da waƙar raino ba. Yau Alhaji Iliyasu ne, mai gona a bakin kanal ta wajen Bunkure, kuma tun da aka hana shigo da alkama ba shi da zance sai na iri da ban ruwa. Ni na ci moriyar shirun nan, Hambali. Ina so in mayar masa da muryarsa, ko sau ɗaya ya ji abin da ya ajiye saboda ni.

Ka gaida Adama da yara. Ka huta lafiya.

Ubangidanka,
Datti.


Kaduna,
21 ga Janairu, 1988.

Malam Datti,

Assalamu alaikum. Na samu takardarka. Gwamnati ta ce a taya ka murna, a kuma tambaye ka ko ka sayi batir.

Na samu faifan a ƙasan wani kwali. Ya riga ya tsage daga gefe. Injiniyanmu ya lallaɓa ya juye waƙoƙin biyu a kaset, yana ɗaga faifan daga inji ya rabe biyu a hannunsa. Na bincika, babu wani a nan. Saboda haka kaset ɗin da Musbahu direba zai kawo maka shi kaɗai ne a duniya, iyakar sanina. Ka kai shi Kano a kwafa maka kafin ka ba kowa. Na maimaita: kafin.

Na saurara. Na rufe ofis na sake saurara. Ban san Yaya haka ba.

Batun ubangida kuwa, kowa ya san wanda aka haifa bawa tsakanina da kai.

Wassalam,
Hambali.


Kura,
2 ga Fabrairu, 1988.

Hambali,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, Allah ya saka.

Ban je Kano ba. Kada ka ɗaga murya, kana ofis. Kaset yana shiga hannuna na hau Besfa na nufi Bunkure, ina kauce wa motocin tumatir kamar mai gudun bashi. Na tarar da Yaya a rumfar gona, ƙafafunsa duk laka, ranar ruwansu ce. Na ajiye rediyo tsakaninmu, na danne murfi, na kunna.

Da farko ƙarar faifai ce, kamar ana suyar gyaɗa. Sai ƙaho ya shigo a hankali. Sai muryar. Hambali, yaro ne! Ba ya ihu irin na mawaƙan yanzu. Yana jan kalma ya riƙe ta, sai ka ce ya manta da makaɗa, can sai ya sauka daidai inda suke jiransa. A waƙa ta biyu har an ji ya yi 'yar dariya a tsakiyar baiti, ba a goge ba. Ni da na karanta faɗuwar dauloli da yawa ban yi ƙwalla ba, sai ga ni ina neman hankici.

Shi kuwa fa? Ya zauna yana kallon ruwa yana shiga kunya-kunya. Da aka gama na ce, "Yaya, ka gane shi?"

Ya ce, "Wannan yaron bai ƙoshi ba ranar."

Na ce, "Shi ke nan abin da za ka ce?"

Ya ce, "Bar shi a nan. Tashi ka toshe mini bakin can, ruwa zai wuce gonar Dalhatu."

Haka aka yi bikin. Na toshe, na ɓata takalmina na makaranta, na bar masa kaset tun da yana da tsohon akwatin kaset da yake jin karatu da shi. Na karanta cewa a wasu ƙasashe ana gina wa mawaƙa gunki. A Bunkure ana aiken ƙanensu toshe ruwa.

Duk da haka raina fari ne. Alkamarsa ta fara fitar da kai, kore shar har inda ido ya tsaya.

Naka,
Datti.


Kura,
20 ga Fabrairu, 1988.

Hambali,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice.

Ka san yadda manoman nan suke korar jan-baki idan alkama ta fara ƙosawa. Suna fasa tsohon kaset, su zare zaren, su ɗaura shi a kan karare daga wannan kusurwa zuwa waccan. Rana ta haska shi, iska ta kaɗa shi yana ƙugi, tsuntsu ya ƙi sauka. Da can ina yaba wannan dabara. Har a aji na taɓa kawo ta misali.

Ranar Asabar na koma in karɓi kaset in kai Kano, kamar yadda wani mai hankali ya taɓa ba ni shawara. Yaya ya tafi Kadawa neman taki. Ina isa gonar na hangi sabon zare yana walƙiya a kan alkama, layi-layi. Na tambayi maƙwabcinsa Dalhatu daga ina. Ya ce, "Ai wani kaset ne da ka ba shi, Malam. Ya ce ba shi da abin da zai yi da shi."

Ban san lokacin da na shiga gonar ba. Na bi kara-kara ina kwancewa, ina naɗewa a hannun rigata, Dalhatu yana bina yana cewa, "Malam, tsuntsu fa! Malam, ka jira mai gona!" Na ce ya faɗa wa mai gona cewa mutumin da zai rataye ƙuruciyarsa don tsorata tsuntsu ba ya bukatar ƙane mai ilimi, kuma ƙafata ta bar Bunkure. Na faɗa da ƙarfi. Masu tsinkar tumatir sun ji, har wata ta ce a ba ni ruwa.

Yanzu kullum in na taso daga makaranta ina zaune da biro da wani fankon kaset, ina mayar da zaren a hankali, ina liƙe inda ya tsinke. Matata ta ce na zama gizo-gizo. Ko rabin baiti ya tsira, na tsirar da shi daga mai shi.

Ashe kunyarsa yake ji. Ashe abin da na ɗauka kyauta ce, shi abin ɓoyewa na kai masa. Wannan ya fi zaren ciwo.

Datti.


Bunkure,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Malam Datti, ƙaramin maigida,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Saude, matar yayanka. Da hannuna na rubuta, yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba, in ka ga kuskure kada ka sa mini jan biro.

An ce ƙafarka ta bar Bunkure. To ka aiko hannunka, don akwai aiki. Daga ranar da ka tuɓe gonar jan-baki suka sauka kamar an yi musu gayya. Kusurwar gabas sun mayar da ita tsintsiya. Yayanka yana tsaye da gwangwani tun hantsi yana kaɗawa, ga ciwon gwiwa.

Kaset ɗin waƙa kuwa yana nan cikin kwallata, a naɗe da ɗankwali. Ban taɓa ganin ya adana abu haka ba, ko takardar gona. Kullum bayan la'asar sai ya ce in ɗauko. Ya zauna a tsakar gida ya kunna, yana yi wa yaron faɗa. "Ka yi sauri a nan." "Ja numfashi mana, ɗan banza!" Shekaranjiya kuma sai ya kashe akwatin ya ce bari ya nuna masa yadda ake yi. Malam, ya rera. Muryar ta yi kauri, ta karye a sama, amma ni da nake tankaɗe sai da na ajiye rariya. Shekara nawa ina gidan nan, ban san da wa nake zaune ba. Kubra ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baba, kai ne?" Ya ce, "A'a, wani ne da kawunki ya tono."

Ya so ya faɗa maka da bakinsa, amma ka san shi, magana a wurinsa kamar cire ƙaya. Da Dalhatu ya kawo saƙonka sai ya ƙi cin tuwo.

Wanda ka kwashe daga gona wani ne daban, shi ma kai ka ba shi. Ya hana ni faɗar ko wanne ne. Ya ce tun da kana da ilimi da biro, ka gama naɗewa ka ji da kunnenka.

Ka zo Juma'a, zan yi dambu. Ka gaida amaryata da yara.

Taka,
Saude.


Kura,
26 ga Fabrairu, 1988.

Hambali,

Gaisuwa. Ga takardar Saude na haɗa maka, ka karanta, ka yi dariyarka a gida ba a ofis ba.

Na gama naɗewa jiya, na kunna. Jawabina ne na ranar raba kyaututtuka ta bara, wanda na sa aka ɗauka na kai wa Yaya don ya ƙaru. Ya fita tangaran, har da tarina. Dalhatu ya shaida cewa muddin yana rataye ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba.

Na yi kuskure, kuma a gaban masu tsinkar tumatir na yi shi. Yau da na taso zan tafi Bunkure in karɓi gwangwanin daga hannunsa. Jawabin ma zan mayar inda yake da amfani.

Ka huta lafiya.

Datti.