Alkunyar 'Yar Fari

Zuba, Abuja,
9 ga Maris, 2005.

Zuwa ga uwargidana Zahra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Iya da su Nazir. Yaya ƙafar Iya? In har yanzu tana ɓoye maganin asibiti a ƙarƙashin tabarma, ki ce mata ina nan zuwa in ɗura mata da kaina. Ni lafiyata ƙalau. Mangwaron Binuwai ya fara sauka, kasuwa sai godiya.

Zahra, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kwana tara ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ki nemi wuri ki zauna, kuma kada ki karanta wannan a gaban Iya.

Kin tuna Hajiya Larai, mai sayen abarba a rumfata, wadda na kawo gida da ƙaramar Sallah ta ɗauki Zakiyyar Yaya Hadijatu riƙo? Ni na tsaya a tsakar gida na ce na santa, ni na ce makaranta za ta sa yarinya. Yaya kuwa, da yake Zakiyya ce 'yarta ta fari, ko ɗago kai ba ta yi ba, cewa kawai ta yi in uban yarinya ya yarda shi ke nan. To, na kai wa Zakiyya mangwaro gidan Hajiyar a Kubwa, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce hayar wata uku suka yi, kuma 'yan mata sun fi goma da suka shiga suka fita a gidan. Na je makarantar da ta faɗa mini, ba su taɓa jin sunan ba.

Shekara goma sha uku ina garin nan, tun da gwamnati ta taso daga Ikko muka biyo ta da kwandunanmu, ina ganin babu mai yi mini wayo. Ashe duk abin da na sani game da matar nan bai wuce launin motarta da irin abarbar da take so ba.

Ranar Talata wasu ma'aikata suka shigo kasuwa da lasifika, daga sabon ofishin da gwamnati ta buɗe don yaƙi da masu safarar mutane. Da can in sun zo dariya nake musu, ina cewa surutu ne na masu albashi. Rannan na bar rumfa na bi su har mota. Shugabarsu wata ce Madam Miriam, mutuniyar Kagoro, 'yar gajeriya mai tabarau. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Oga Sadisu, yarinyan nan, shi yana da shekara nawa?" Wallahi da wani lokaci ne da na gyara mata. Sai kawai na ji hawaye a gemuna. Ta rubuta komai, har tabon da ke goshin Zakiyya, ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce mini in kwantar da hankalina ba.

Kada ki faɗa wa Yaya tukuna. Ki ba ni sati biyu. Ɗangoggo direban tumatir zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa in zai juyo.

Ki gaida kowa da kowa.
Mijinki,
Sadisu.

Zuba,
24 ga Maris, 2005.

Zahra,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kin tashi lafiya, ke da yara da Iya. Takardarki ta iso. Faɗan da kika yi mini na karɓa duka, ban rage ko ƙwaya ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Albishirinki. An ga Zakiyya, tana raye, lafiyarta lau.

Ga yadda aka yi. Mutanen Madam Miriam sun daɗe suna zama da ƙungiyar direbobi a tashar Zuba, suna roƙonsu cewa duk wanda aka kawo wa yara da yawa a ce saƙo ne, ya sanar. Kin san halin direbobi, in an danƙa musu yaro amana ce, ba sa tambaya. To, wani Bernard mai bas aka ɗauka shata ya kwashi 'yan mata bakwai daga wani gida a Tungan Maje zuwa Kano. Ya ce da ya je ganin gidan, abin da ya tsaya masa a rai shi ne yara bakwai a tsakar gida babu mai wasa ko ɗaya. Ya ce zai je shan mai, ya zarce ofis. Da azahar aka kewaye gidan. An kama Hajiyar da jaka cike da fasfo, kowace yarinya an canza mata suna an ƙara mata shekaru. Tamu an mai da ita Fatima, wai 'yar shekara goma sha tara. Na kai wa Bernard kwandon mangwaro, ya ce shi ma uban 'ya'ya mata ne, in bar shi kawai.

Yanzu suna wani gida da gwamnati ta tanada, akwai likita, akwai mai koya musu karatu da ɗinki. Na je na ganta. Ta rame, an yi mata kitso mai kyau. Na kira ta, ta dube ni kamar wanda ya zo karɓar haraji, ta juya ta koma ciki. Ban ga laifinta ba.

Madam ta ce ba za su ba ni ita ba, tunda ni na miƙa ta. Sai uwarta ta zo da kanta. Ta ce an taɓa turo musu uwar ƙarya tana kuka tana birgima, don haka yanzu sai sun ga uwa da 'ya da idonsu.

Saboda haka lokaci ya yi. Ki je wurin Yaya ki faɗa mata komai, kada ki rufa mini asiri ko kaɗan. Ki fara da cewa an ganta. Mijinta yana ci-rani a Fatakwal, ba za mu jira shi ba. Ta biyo Ɗangoggo ranar Lahadi.

Ki shafa mini kan Nazir.
Naki,
Sadisu.

Zuba,
30 ga Maris, 2005.

Uwargida,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku duka. Yaya ta iso lafiya, na sauke ta wurin matar maƙwabcina. Tun da ta zo, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abin bai tafi yadda muka so ba. Ranar Litinin muka je. Aka zaunar da mu a ofishin Madam, aka shigo da Zakiyya. Ni da na san Yaya, na san zuciyarta tana wurin yarinyar. Amma me za ta yi? Ta kawar da kai ta dubi bango, ta ce, "'Yar nan, kin wuni lafiya?" Shi ke nan. Madam ta cire tabarau ta ce, "Mama, wannan yarinyan ki ne? Menene sunan shi?" Yaya ta sunkuyar da kai ta nuna ni, wai ni in faɗa. Zakiyya ta tashi tsaye ta ce ita ba za ta bi kowa ba, a bar ta a nan. Ta fita.

Na tashi zan yi hayaniya, Madam ta ce, "Oga Sadisu, ba shawutin a ofis ɗina." Na zauna na yi mata bayani, cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce, ba ƙi ba ne. Wani ma'aikacinsu Lukmanu, Bazazzagi, ya ce gaskiya ne, shi shekararsa arba'in bai taɓa jin sunansa a bakin gyatumarsa ba. Madam ta ce ta yarda, a ƙauyensu ma akwai mai kama da haka. Amma ta ce matsalar ba a takarda take ba.

Zahra, ji abin da ta faɗa mana. Wata huɗu Hajiyar nan tana zaunar da Zakiyya tana ce mata uwarta ce ta sayar da ita. In yarinya ta ce ƙarya ne, sai ta ce, to kin taɓa jin ta kira sunanki? Ta taɓa rungumarki kamar yadda take wa ƙannenki? Ranar da muka taho ta raka ki ko ƙofar gida? Duk amsar a'a ce. Muguwar ta san al'adarmu sarai, da ita ta ɗaure yarinya, shi ya sa ko ƙofa a buɗe ba ta gudu ba. Ina za ta? Ga shi uwar ta zo, ta dubi bango.

Madam ta ce ba sa mai da yaro inda zuciyarsa ba ta yarda ba, don irinsu ne ake sake ɗauka cikin sauƙi. In Zakiyya ta dage, za ta zauna a hannun gwamnati, a sa ta makarantar kwana. Ba abin ƙi ba ne, amma kin san wannan rabuwa ce da uwarta.

A hanyar dawowa na ce wa Yaya suna ne kawai, ta daure. Ta ce, "Ni Hadijatu, a gaban maza?" Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, na kuma tuna wanda ya jawo. Yau ko tuwo ba ta taɓa ba.

Ki sa Iya ta yi mana addu'a. An ce mu koma Juma'a.

Mijinki,
Sadisu.

Zuba,
2 ga Afrilu, 2005.

Zahra tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Ki yafe mini rubutun nan, hannuna ne ke gaggawa.

Jiya da hantsi muka koma. Madam ta kore mu duka, ni da Lukmanu da ɗan sandan ƙofa. Ta ce, "Maza duka waje." Ita ma ta kwashi takardunta ta fito, ta ja ƙofa, ta zauna kusa da ni a benci. Matar da ta yi aiki a Ikko shekara da shekaru, wai ita ce zaune a baranda tana gadin kunyar Yaya Hadijatu.

Taga a buɗe take, ba laɓe na yi ba. Can na ji muryar Yaya, kamar mai ɗaga buhun da ya fi ƙarfinta. Ta ce, "Zakiyya." Ba amsa. Ta sake. A na uku muryar ta fashe, ta ce, "Zakiyyatu, ni na haife ki, wallahi ban sayar da ke ba. Ranar da kuka tafi ina bayan rumbu ina kallon motar har ta ɓace." Sai na ji wata 'yar murya ta ce na'am. Abin da ya biyo baya kuka ne, ban san na wa ya fi na wani ba. Madam ta cire tabarau tana ta gogewa da gefen zani, alhali ba abin da ya same shi.

An sa hannu a takardu. Mutanen Madam za su biyo ku gida Ɗanja bayan wata ɗaya su ga yadda take, sun kuma ba da takarda a kai wa hedimasta don a karɓe ta aji biyar. Sauran yaran shida, an gano iyayen huɗu, ana neman na biyun har Nijar. Ni kuma zan tsaya shaida a kotu, in faɗi da bakina yadda na kai matar nan gidanmu. Kunya ce, amma ba ta kai wadda Yaya ta haɗiye ba. Lukmanu ya ce in riƙa binsu kasuwanni ina ba da labarina, na ce in dai za a ba ni lasifikar, na yarda.

Da muka fito Yaya ta dube ni a karo na farko ta ce, "Sadisu, ka rame." Ban taɓa jin daɗin an ce na rame ba sai jiya.

Ita da Zakiyya za su taso Litinin a bas ɗin Bernard har Zariya. Roƙona ɗaya gare ki: Yaya tana tsoron a ji a gari a ce ta yi rashin kunya. Wannan magana ta tsaya tsakaninmu, ko Iya sai in ita ta ga dama ta faɗa mata. Za ki ga ta koma cewa 'yar nan kamar da, don tun a hanyarmu ta dawowa daga ofis ta fara. Kada ki damu. Ki dubi hannunta kawai. Tun jiya take riƙe da gefen mayafin yarinyar, ko alwala za ta yi sai ta sa ta tsaya kusa da buta.

Ki dafa musu abu mai kyau. Ki gaida Iya, ki gaida yara, ke kuma na gode.

Mijinki mai kewarki,
Sadisu.