Guntun Dutsen da Ya Faɗo Gonar Baba

Sisawa, ƙasar Wurno,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Gwaggona Humaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wagga takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Baba Abdulganiyu da ƙanena Siddiq. Allah shi ƙara maki lafiya, shi sa albarka ga bincikenki, shi tsare ku daga sanyin Jamus da kinka ce har cikin ƙashi shike shiga. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi, har tana fita bakin rijiya da sandarta tana yi wa mata faɗan guga. An yanke gero, dawa ma ta kusa. Gwaggo, ki yi haƙuri da rubutuna, kin san firamare kawai na gama. Akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna, ke ce ta farko. Guntun dutsen da duk garinmu ke nema, wanda ake shirin tashin hankali a kansa, shina wurina. Ni na ɗauke shi.

Na san ba ki san wane dutse nike nufi ba, don tun da anka ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu ba mu ji muryarki ba, ke ma ba ki ji tamu ba. Yaya Mudathir za shi Sakkwato da lodin albasa, ya ce in na rubuta zai ɗauki hoton takardar shi tura maki daga can. Na roƙe shi kada shi karanta, ya yi dariya ya ce ko ya so ba zai iya gane wannan tafiyar kaza ba.

Makon jiya ne, bayan la'asar, ina kalar gero can ƙarshen gonar Baba, wajen burtalin da shanu ke bi. Sama tas, ko ɗigon hadari babu. Sai munka ji ƙara kamar tsawa, ta yi ta sake yi, sannan wani irin fito ya biyo baya. Kin san yadda zukata suke yanzu. Duk wanda ke gona ya watsar da abin hannunsa ya nufi gari, ana cewa bindiga ce. Ni kuwa sai na durƙusa bayan tsibin kara na rufe kai. Wani abu ya bugi ƙasa har na ji a ƙirjina, ƙura ta tashi, sannan shiru, ko tsuntsu bai yi kuka ba. Da na leƙa sai ga rami kamar bakin turmi, da baƙin dutse a farfashe ciki da gefensa. Bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, cikinsa kalar toka da ɗan ƙyalli-ƙyalli, shina warin ashana. Guntu ɗaya ya yi tsalle ya faɗo kusa da ƙafata, bai wuce ƙwan zabo ba.

A nan na tuna da ke. Kin tuna zuwanki na Babbar Salla, da kinka fiddo kwalbar nan mai baƙin ruwa, kinka kanga mata mayen ƙarfe, baƙin garin ya bi shi ya hau jikin kwalba kamar tururuwa, ruwan ya koma fari? Kaka ta ce wanga dai tsafi kinka je koyo wurin Turawa, kinka yi ta dariya. Da kowa ya watse ina sa maki lalle, kinka ce mani garin ƙarfe ne, ƙanana har ƙwayar garin tuwo dutse ce babba a kusa da su, kuma su ne aikinki. Kinka ce ƙarfen duniya duk a cikin taurari anka dafa shi, taurarin sunka fashe tun babu ƙasar da muke takawa. Kinka ce duwatsun da ke faɗowa daga sama suna da irin waɗanga ƙananan ƙarafa a ciki, kuma kowane shina nan ya fuskanci inda wani ƙarfi mai jan ƙarfe ya juya shi tun wancan zamani, kamar mutanen da barci ya kwashe suna duban wuri ɗaya. In an kai masu mayen ƙarfe sau ɗaya, duk sai su juyo su dube shi, labarin wancan zamani da sunka riƙe ya tafi ke nan har abada. Kinka ce abokiyar aikinki mai auna irin waɗanga duwatsu kullum cikin takaici take, don kafin su iso gare ta an riga an gwada su da mayen ƙarfe. Har kinka ja mani kunne kina wasa, wai in wata rana ɗaya ya faɗo gonar Baba, Safara'u, kada ki bari kowa shi kusance shi da wanga abu. Ke wasa kike yi, Gwaggo, ni kuwa na riƙe. Na sa bakin gyalena na ɗauki guntun na ƙulle. Da na ɗaga kai sai na ga Asta, ƙawata ɗiyar Baffa Yusufu na ruga, tsaye kan burtali da maruƙa. Ta gan ni sarai.

Da hankali ya kwanta maza sunka fito, Baba ya sa anka tattara sauran cikin faranti anka kai zaure. Washegari mutane sunka yi ta tahowa kallo, har daga Rabah da Goronyo. Cikinsu akwai wani Lauwali mai gyaran rediyo a kasuwar Goronyo, mai surutu kamar abin da shike gyara. Ya ce shi ya san yadda ake gane dutsen sama na gaskiya, ya zaro mayen ƙarfe na cikin sifika daga aljihu. Ina kawo ruwa na tsaya bayan zana ina leƙe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane ya manne ƙwas, mutane suna kabbara, yara suna roƙon a ba su su ma su gwada. Na so in ce a bari, wallahi na so, amma kin san ni, ko baƙuwa ta shigo gida sai Inna ta zungure ni kafin gaisuwa ta fita bakina. Nawa na naɗe shi a tsohon ɗankwali na sa cikin fasasshen tulun nan na bayan rumbu. Da fari ƙarƙashin katifa na sa shi, sai na tuna rediyon Inna shina kwana kusa, kuma shi ma da sifika a cikinsa, na tashi na canza mashi wuri.

Da abin ya tsaya nan da ban dame ki ba. Amma Lauwali ya zauna ya harhaɗa guntayen kamar mai gyaran fasasshiyar ƙwarya, sai ga gurbi a gefe ɗaya, kowa ya ga akwai wanda babu. Ya ce mutanen birni masu neman irinsa cikakke suke so, kuma wanga gurbi ba ƙasa ta haɗiye shi ba, hannu ne ya ɗauka. Wani ya ce ai ya ga sawun shanu kusa da ramin. Shi ke nan, Gwaggo. Ba wanda ya tambaya ko wa ke kala a gonar ran nan, don ba wanda ke tunawa da ni ko da ina wurin.

Kin san Baffa Yusufu. Tun zamanin marigayi Kakanmu shanunsu ke cin karan gonarmu kowace kaka su bar mana taki, kuma nonon da kinka sha kina yarinya na gidansu ne. Baba bai ce mashi ɓarawo ba, amma ya aika cewa shanu su dakata, kada su shiga gona sai magana ta fito fili. Baffa ya taho da kansa, ya cire malafa a ƙofar zaure, ya rantse bai ga komi ba. Lauwali ya ce wai Bafillacen da ke hango allura cikin ciyawa ne zai ce bai ga dutse ba? Wasu sunka yi dariya. Baffa ya ce shi amfanin dutse ɗaya ya sani, jifar saniyar da ta bar garke, kuma ko shi, na ƙasa ya ishe shi ba sai an aiko mashi daga sama ba. Da ya tafi Kaka ta kira Baba ɗakinta, ina ji tana tambayarsa ko dutsen ne zai yi mashi taki bana. Baba ya ce ba don dutsen ba ne, don a gonarsa anka yi, kuma idon gari shina kansa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne samarin 'yan sa-kai sun shiga maganar. Suna cewa in ba a fiddo shi ba za su je su bincike rugar da kansu. Ba sai na faɗa maki mi bincike ke zama a wanga lokaci ba. An yi a wasu garuruwa, an fara da neman akuya an ƙare da toka.

Jiya Asta ta kawo nono. Ta zaga gari ba wanda ya ce ta sauke, har gidajen da kullum ke jiranta. Ta shigo gidanmu ta zauna inuwar rumbu, tulun nan shina bayanta, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Na kawo mata ruwa na kasa duban idonta. Ta sha, sannan ta ce babanta ya bar kwana gida, innarta kuma ta ɗaure kayansu cikin buhu ta aje bakin bukka. Ta ce ita ba ta faɗa wa kowa abin da ta gani ba, kuma ba za ta faɗa ba, don ta san ni ba ɓarauniya ba ce, in na ɓoye abu akwai dalili. Sai ta tambaye ni, wai dalilin ya kai nauyin babanta? Ta ɗauki ƙwaryarta cike yadda ta taho da ita ta fita.

Tun daga nan nike ta juya abin. Na ce in mayar da guntun gona in jefa kusa da ramin, sai na ga za a ce Fulani ne sunka ji tsoro sunka maido a ɓoye, sunan ɓarayi ya zauna masu ke nan. Na ce in ba Inna ta ba Baba, sai na ga Baba mutum ne mai gudun abin kunya, zai ce an tsinta ne shi rufa wa gidansa asiri, Baffa kuma shi ci gaba da yawo da zargi a kansa. Na ce in ba Yaya Mudathir shi kai Sakkwato a nemi hanyar aiko maki, ki kai wa abokiyar aikinki ta ga ɗaya da ba a ɓata ba. Wannan shi ne abin da raina ya fi so, ba zan ɓoye maki ba. Har na yi ta tunanin yadda za ku sa shi cikin na'urarku ya faɗa maku abin da ya gani tun babu kowa. Amma in ya bar garin nan ba sauran abin da zai wanke su Asta. Da akwai sabis da na sa kin kira Baba, don ke kaɗai ce in kinka yi magana shike aje carbi shi saurara. Ga shi Maigari ya ce gobe bayan Juma'a a zauna a zaurenmu, da Baffa da dattawa da shugaban samarin, a yi ta ta ƙare. Amsarki ba za ta iso kafin nan ba.

Ki gaishe mani da Baba Abdulganiyu da kyau, ki shafa mani kan Siddiq, ki ce Yayarsa tana nan tana tuna yadda shike tsoron zakaran Kaka. Inna da Kaka da ƙanwata Uwaliya suna gaishe ku, ko da yake ba su san ina rubutu ba. Ki ba abokiyar aikinki haƙuri a madadina, ko ba ta san ni ba.

Gobe in sun zauna, ni za a aika da ruwa kamar kullum. Ba zan miƙa daga bayan zana ba. Zan shiga ciki, in durƙusa, in aje guntun dutsen gaban Baba inda Baffa Yusufu da kowa ke gani, in ce ni na ɗauka tun ranar da ya faɗo, ba wanda ya sa ni. Zan roƙi Baba sau ɗaya kada a kai mashi mayen ƙarfe, in faɗi abin da kinka koya mani iyakar yadda na gane. Ina ta maimaita kalmomin ina daka don kada su maƙale. Wataƙila shi ji, wataƙila shi miƙa wa Lauwali a gaban idona. In ya miƙa ba zan ƙara cewa komi ba. Abin da Baba zai yi mani bayan mutane sun watse ban sani ba, kuma na bar tunaninsa. Ki sa ni cikin addu'a, Gwaggo, Allah shi sa muryata ta fito har na bakin ƙofa su ji.

Wassalam. Ɗiyarki mai ƙaunarki,
Safara'u Halilu.