Na taɓa shafin girkin Amminki

Shagufta beti, 'yata,

Na tafi Multan wajen goggonki, jirgin ƙasa na ƙarfe goma zan hau. Ban jira ki dawo daga aiki ba, gaskiya kunyar haɗa ido da ke nake ji.

Na yi ɓarna a shafin da kike tara girke-girken marigayiya Amminki. Bayan kin fita na tarar da kwamfutarki a kunne. Rubutun ya yi wa idona ƙanƙanta, sai na liƙa wasu layukan umarnin kwamfuta da maƙwabcinmu Ishtiyak sahib ya turo mini, wai haka ɗansa ke ƙara girman rubutu. Nan take haruffa suka kumbura suna hawa kan juna.

Na rikice. Na ga maɓallin da ke mayar da komai yadda yake tun farko, na danna. Ashe farkon na waɗanda suka ƙera shafin ne, ba naki ba. Garin neman gira na rasa ido. Kyakkyawan rubutun da kika yi mako guda kina daidaitawa ya tafi, rubutun Urdu ya koma jingina ta hagu maimakon dama, hoton koren mayafinta da kika shimfiɗa a baya ya zama fari fat. Girke-girken dai suna nan, sau biyu na duba.

Kada ki kashe kwamfutar. Layukan na kwafe su da hannu a bayan takardar nan, ko za su taimaka.

Ki yafe mini. Girkinta na halim, faten nan na alkama da nama, kawai nake son karantawa, inda kika rubuta maganarta: "Kada a bar Abbunki kusa da tukunya." Allah ya jiƙanta, ta san mijinta.

Abbunki