Sarewar da Ta Ɓace a Faifan Mai Lema

Rikoto, Zuru
14 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga aminina Muntaka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Hajiya Maijidda da yara da jikoki? Yaya gwiwar nan taka, ta bar ka kana zuwa masallaci da ƙafarka? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Uwargida Saloma tana gaishe ku, ta ce a faɗa wa Hajiya daddawar da ta yi mata alkawari tana nan tafe.

Na san za ka ce me ya kai ni ga takarda, alhali 'yata Rebecca ta saya mini wayar hannu. Wayar nan ba ta yi mini ba. Ranar da ka kira, rabin maganarka na ji, sauran na cike da "i" da "haka ne". In na amsa maka abin da bai kamata ba, ka yafe ni.

Ga abin da ke tafe da ni: allurar garmahona ta mutu. Na zaga Zuru kaf, har Kontagora na aika, wani mai shago ya aiko mini da allurar keken ɗinki. Kai da kake Kaduna, don Allah ka leƙa wajen masu gyaran rediyo na tsohuwar kasuwa. Na zana maka siffarta a bayan takardar nan, da lambarta.

Kada ka ga kamar wasa ne. Na ƙudura zan saurari faifaina duka, ɗari da sittin da uku, ɗaya bayan ɗaya, yadda na bi na saye su. Kullum guda, da la'asar, in na dawo daga gonata ta Manga. Ina kan na goma sha tara allura ta ci amanata.

Na farkon kuwa da na ɗora, sai ga ka a gabana. Ka tuna shekarar saba'in da huɗu, da aka tura mu Ingila kwas na 'yan badujala, ruwa ya kora mu cikin wani ɗan shagon faifai? Muka tsaya jiran waƙar da ke tashi ta ƙare mu fita. Ruwa ya ɗauke, waƙa ba ta ƙare ba. Ka ce mini mutanen nan sun manta yadda ake tsayawa. Mai shagon ya ce sunan kiɗan furogiresib rok, mu kuma muka raɗa masa dogon zango.

Shekara talatin ke nan, ra'ayina bai motsa ba. Waƙar da ba ta cinye fuskar faifai guda ba, gaisuwa kawai ta yi ta wuce. Ni ina son wadda za ta fara da ogan a hankali kamar ana shiga coci, jita ta shigo ta tayar da rigima, mai ganga ya bar bugu huɗu ya koma bakwai, har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu a hagu-dama, hagu-dama, ai wannan shi ne hutu. Ka tuna da muka gwada yin maci da bugu bakwai a bayan bariki, ka take ni? Har yau kuma ban yafe wa ƙungiyoyin nan abin da suka yi bayan shekarar tamanin ba, da suka gajarce waƙoƙi don rediyo ta karɓa, suka sallami mai ganga suka ɗauki inji. Waɗannan faifan ma ina da su, don mai tara abu ba ya barin giɓi, amma a can ƙasan kanta suke zaune.

Saloma dai tana nan yadda ka san ta. In na kunna, sai ta ɗauki tiren wakenta ta zauna a bakin ƙofa, ta ce bari ta ga ko yau za su iso inda za su.

Ka gaishe mini da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Haggai

Rikoto, Zuru
20 ga Yuni, 2004

Aminina Muntaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan damina ta same ku lafiya, kai da Hajiya da dukan gida. Mu nan ruwa ya zauna, dawa ta kai gwiwa.

Direban motar Kaduna ya kawo saƙo. Allura ɗaya na roƙa, ka aiko biyu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na kuma ga ƙaramin faifan sidi da ka cusa a ciki don tsokana. Na kai gidan maƙwabci mun saurara. Tsaf yake, ba ƙaiƙayi ba tsatsa, amma ina kwalin? Hoton da muke shimfiɗawa a cinya muna kallo har waƙa ta ƙare, sun matse shi ya koma kamar katin asibiti. Kuma ba a juya shi. Tashin nan da mutum yake yi a tsakiya, ya ɗaga allura, ya busa ƙura, ya juya faifai, ai a nan ne yake tauna abin da ya ji. Ka riƙe sidinka, na gode.

Yanzu bari in faɗa maka abin da na ɓoye a wasiƙar farko.

Ran Talata na iso kan Mai Lema. Ka san shi, wanda kwalinsa ke da mutum tsaye cikin teku riƙe da lema, wanda ka taɓa ara ka dawo mini da shi da tabon shayi. A fuska ta biyu, bayan ganguna sun lafa, akwai inda sarewa take shigowa ita kaɗai, siririya, can sama. Wurin nan na fi so a duk abin da na mallaka. Na gyara zama ina jira. Ganguna suka lafa. Shiru. Sai gurnanin ogan a ƙasa. Na mayar da allura baya, haka. Na canza ɗaya allurar, haka. Na wanke faifan, na kwance sifika na ɗaura. Har na fara zaginka a zuci, na ce jabu aka sayar maka. Saloma tana bakin ƙofa tana kallona, sai ta ce mini a hankali, Baban Rebecca, sarewar fa tana nan, ga ta tana busawa.

Muntaka, ba laifin waya ba ne, ba kuma na allura ba. Tun watan Fabrairu likita a Sakkwato ya gwada ni. Ya ce kunnen hagu ya kusa tafiya, na dama yana bin sa. Shekara ashirin da shida ina busa begila, manyan ganguna suna bayan ƙeyata, ga sakamakon. Ya ce siraran sautuka ne ke fara gudu, masu kauri su daɗe. Abin da ya sa nake sauri ke nan, ina so in yi sallama da kowane faifai tun ina iya jin amsarsa. Ban zaci sarewar za ta riga ni fita ba.

Ban ƙara kunna garmaho ba tun ranar. Na yi tunani, kuma na yanke shawara: ka zo bayan girbi ka kwashe faifan nan duka. Kai kaɗai ka san yadda ake riƙe faifai ta gefe. Kada ka jera su kwance, kada ka ajiye kusa da taga, zafi yana lanƙwasa su, kuma ka ɗaga kantar daga ƙasa saboda gara. Ba na so su zauna a nan ina kallonsu kamar baƙin da ba na jin harshensu.

Kada ka damu da ni. Ina ci, ina noma, kuma yanzu in taron 'yan fansho ya yi tsawo ina da hujjar yin gyangyaɗi.

A gaida Hajiya.

Naka,
Haggai

Rikoto, Zuru
11 ga Satumba, 2004

Aminina, ɗan'uwana Muntaka,

Bayan dubun gaisuwa. Yaya gida, yaya jiki, yaya Hajiya Maijidda? Wasiƙarka ta iso, na karanta sau uku. Faɗan da ka yi mini na karɓa, addu'ar kuma na ce amin. Ka ce ba za ka ɗauki ko ɗaya ba. To ka kwantar da hankalinka, ko ka zo da mota ba za a ba ka ba. Kyautar da na yi maka an janye ta, kuma ba ni na janye ba.

Da na gaya wa Saloma na ba ka faifan, sai ta ajiye muciya ta tambaye ni da izinin wa. Ta ce shekara ashirin da tara tana shan kiɗan nan, daga barikin Kaduna zuwa na Inugu zuwa nan, ta yi goyo da shi, ta yi daka da shi, ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana so. Yanzu da ta saba, sai a wayi gari a ce an bayar? Ta ce in je in kunna Mai Lema, fuska ta biyu.

Na kunna don a zauna lafiya. Ta jawo kujera ta zauna a damana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ganguna suka lafa, na sunkuyar da kai. Sai na ji sarewar, Muntaka. Ba daga sifika ba, daga bakinta. Ka san ita ke jan murya ta biyu a zumuntar mata ta cocinmu. Ta ɗauko waƙar sarewar nan daga can sama, ta sauko da ita daidai inda kunnena yake kaiwa, tana rerawa dab da kafaɗata. Ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Har ɗan jinkirin nan da mai busa yake yi kafin ya ja numfashi, ta yi shi. Minti huɗu cur. Ni tsohon saja, ina zaune hawaye yana sauka cikin gemu, ita kuwa da ta gama sai ta ce in tashi in ɗaga allura kada ta ci banza.

Ashe duk shekarun nan da take tsintar wake a bakin ƙofa, haddacewa take yi. Na gwada ta da faifai biyar, na ɗora allura a tsakiya, ta faɗi abin da ke biye. Ba ta san sunan ƙungiya ko ɗaya ba. Nata sunayen take da su: akwai Na Ranar Wanki, akwai Wanda Rebecca Ta Yi Haƙori da Shi, akwai Masu Faɗa da Ogan.

Yanzu kullum la'asar muna zaune mu biyu. Masu kauri ina ji da kaina, ogan da ganguna da babbar jita har a ƙirji nake jin su. Siraran kuma ita ke miƙo mini. In abin ya fi ƙarfin murya, sai ta ba ni labari: yanzu ƙararrawa ta shigo, yanzu goge biyu suna kokawa. Mun kai na casa'in da ɗaya.

Sai dai an samu matsala, matar nan tana da ra'ayi. Ta ce faifan nan biyu a kwali ɗaya da nake taƙama da shi, rabinsa surutu ne, da sun tsaya a guda da sun huta sun hutar. Ta ce mai gangan da nake kira sarki gaggawa gare shi. Mafi muni, ta zaro ɗaya daga na ƙasan kanta, na bayan tamanin, ta ce yana da daɗi. Mun yi kwana biyu muna musu. Rabon da mu yi hira mai tsawo haka tun muna saurayi da budurwa.

Likita ya ce akwai na'urar da ake saƙalawa a kunne, Rebecca tana nema a Jos. In ta zo, to. In ba ta yi aiki ba, ba na cikin tsoro kamar da.

Ga kuma sabon aiki na kawo maka, amma ba nawa ba ne. Saloma ta sa tabarau ta karance bayan kwalin Mai Lema, ta gano cewa mutanen suna da wani faifai da ya riga shi fita, wanda ban taɓa samu ba. Ta ce wane irin mai tara faifai ne ni, shekara talatin da rami a kanta ban cike ba. Na rubuta maka sunansa a ƙasa. Ka tambayi mai gyaran rediyon nan naka, ko yana da wanda ya sani a Legas. Ba gaggawa, amma ta ce in gaya maka tana jira.

In an same shi, ka kawo da hannunka, ku zo da Hajiya ku ci sabuwar dawa. Ta riga ta tsara yadda za a yi: za ta saurara ita kaɗai sau uku, ni ina gona, sannan ta zaunar da ni. Ban taɓa jin faifan nan ba, Muntaka. A bakinta zan fara jin sa.

Ka gaida gida duka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Haggai